Nufancin da Muka Koya Wurin Inna

Shekarun baya, ranar wata Laraba, ana idar da sallar la'asar, muka yi zamanmu na farko. Mu huɗu ne a ƙarƙashin rumfar kara da ke bayan zauren gidan su abokina a Kebbe: ni, da abokina, da taubashina ɗan kawuna, sai tsohuwar gidan da kowa yake kira Inna. Tana zaune a kan tabarma da mazari a hannu tana kaɗi, mu kuma mun jeru a gabanta, kowa da ɗan gemunsa, mun zo koyon Nufanci.

Bari in fara da dalili, don ba na son labarin da ake shiga ta tsakiya. Ni mutumin Tambuwal ne. Karatuna bai yi nisa ba. Na sauke Alƙur'ani, na san abin da zai gyara mini salla da azumi, daga nan mahaifina ya ce in bi jakuna. A shekarar nan madugun da muke bi ya ce bayan kaka ayarinsa zai gangara ƙasar Nufe da kanwa da fatu, mu dawo da riguna da tasoshin tagulla. Ya ce da Hausa ma ana ciniki a can, amma wanda ba ya jin yaren gari, a gabansa dillali da mai saye za su gama shirya yadda za su yi da shi, shi yana ta murmushi. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Na ce ba za a yi shawara a kaina ina tsaye ina kallo ba.

Abokina ne ya ce ai suna da Banufiya a gida. Yadda ta zo Kebbe, kowa ya san yadda mutane suke zuwa daga kudu a shekarun yaƙi, ba zan yi wa abin ado ba. Kakan abokina ya 'yanta ta, ta yi aure, mijin ya rasu, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya yi tsawon rai. Ita ta goyi abokina, ita ta yaye shi. Da na ji haka sai na bar gonata a hannun ƙannena, na ja taubashina muka tare a Kebbe damina guda, da safe mu taya su noma, da la'asar mu zauna karatu. Mahaifiyata ta ce ita dai tunda take ba ta taɓa ganin wanda ya bar gero a gona ya tafi neman yare ba.

A zaman farkon nan na ajiye goro a gaban Inna. Ta tura shi gefe da bayan hannu.

"Ban son goro, ban son zane," in ji ta. "Abu guda nika so."

"Faɗi, Inna."

Ta ce garinsu a bakin babban ruwa yake. Ba ta san sunansa ba, ita gida kawai take ce masa. Kullum in rana ta yi sanyi maza sukan dawo daga kamun kifi a cikin jirage, yara su ruga bakin ruwa su yi musu wani kira. Sai ta tsayar da mazarin, ta ɗaga kai, ta yi kiran. Muryarta ta canza gaba ɗaya, ta zama siririya, har abokina ya waiga ya ga ko wani ne ya shigo. Ma'anarsa da Hausa ita ce: su wane ne tafe a kan ruwa? Ta ce daga cikin jirage maza suke amsawa, da sun amsa sai yara su faɗa ruwa su tarye su.

"Kiran na riƙe. Amsar ta ɓace mani. Shekara da shekaru ina kira cikin raina, ba mai amsawa. In kun tahi, ku nemo mani garinmu in shina nan. In ba ku same shi ba, ku zo mani da amsar. Kuma kar ku yi nawa, kun dai ga yadda nike."

Mun gani. Ƙafafunta a kumbure suke, tari kuma ba ya barinta ta gama dogon zance. Muka yi mata alkawari mu uku.

Washegari na kafa doka, don abin da ba shi da tsari ba ya zama a kaina. Na ce za mu fara da gaɓoɓin jiki, mu koma abinci, mu koma ƙidaya, mu ƙare da ciniki. Na ce kuma daga la'asar zuwa magariba ba mai yin Hausa a rumfar nan in ba Inna ba. Wanda ya yi, da safe zai ɗauki tulu ya ɗebo mata ruwa a rijiya, a gaban matan unguwa. Ranar nan abokina ya raɗa mini suna Alƙali, sunan kuma ya bi ni har yau.

Wanda ya fi kowa ɗaukar tulun nan ni ne. Dalili kuwa, ba na iya ganin an karya tsari in yi shiru, kuma ban iya faɗa da Nufanci ba tukuna. Wata rana muna cikin sunayen abinci sai abokina ya yi tsalle ya nemi sanin yadda ake ce wa budurwa ta yi kyau.

Na ce, "Kai, ba mu zo nan ba! Jiya muka gama gaɓoɓi, yau abinci."

Ya nuna ni da yatsa, dariya ta hana shi magana, ya koma nuna tulu.

"Gyara nika yi," na ce.

Inna ko kai ba ta ɗaga ba. "Gyara da Hausa. Randata ta cika tun jiya, Alƙali. Gobe ka zuba ma awaki."

Taubashina kuwa bai taɓa ɗaukar tulu ba ko sau ɗaya. Yana da in'ina mai tsanani, in ya kama kalma da Hausa sai tuwo ya huce bai sake ta ba, don haka shiru ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Abin mamaki, da ya fara Nufanci sai in'inar ta tsaya a ƙofa. Magana ta riƙa fita daga bakinsa sumul. Ranar da ya lura da haka da kansa, sai ya tashi ya zaga bayan rumbu ya daɗe. Inna takan ce, "Wanga shi kaɗai Allah ya ba kunne. Ku biyun nan, naku na ado ne." Akwai wani abu kuma da ban manta ba. A wasanmu na taubasai shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawana yake kirana. A ranar farko ya ɗauko kalmar, ya dubi Inna, ya haɗiye ta. Bai sake kirana haka a gidan nan ba, kuma ba wanda ya ce masa ya bari.

Inna ba ta bi tsarina ba ko kaɗan. Abin da ya zo mata shi take ba mu. In aka yi ruwa ta ba mu maganar ruwa, in kaza ta wuce ta ba mu ta kaza. Wani lokaci kalma takan faɗo mata tana tsakiyar tari, sai ta ɗaga hannu mu yi shiru, ta riƙe ta a baki kamar mai tsoron kada ta zube, ta faɗa, ta sake faɗa, sannan ta ce, "Allah Sarki, wagga ban san tana nan ba." Da muka zo ƙidaya, ta ƙirga yatsun hannunta da na ƙafa ta tsaya. Da muka zo ciniki na tambaye ta yadda ake cewa albarka in an taya kaya ba daidai ba.

"Ni na taɓa ciniki garinmu? Rabu da ni."

Muka ce tsufa ne, mantuwa ce. A cikinmu mu uku babu wanda ya yi tunanin ya tambaye ta abu guda da ya kamata a fara tambaya. Muka ci gaba da haddace abin da ta ba mu, muna yi wa juna tambaya a bakin kunya muna noma, wanda ya riga tuna kalma ya yi wa saura gori. Kafin a yanke gero muna iya yin hira da ita daga la'asar har magariba ba Hausa. A kwanakin nan na ga tana dariyar da abokina ya ce bai taɓa ganin ta yi ba tun tasowarsa.

Bayan kaka ayari ya tashi. Muka bi ta Jega, muka sauka Yawuri, muka yi ta gangarawa zango bayan zango har muka shiga ƙasar Nufe. Tun a hanya na riga na gaya wa madugu cewa daga yanzu ba ya buƙatar mai fassara, yana da mu. Da muka iso mashigin kogin da ake ƙetarewa kafin Bida, da hantsi, masu fito suna zaune a inuwa, sai madugu ya ce, "To, Alƙali, ga fili."

Na gyara rawani, na matsa gaban babbansu, na gaishe shi, na faɗi abin da Inna ta koya mana a faɗa in ana son a ƙetarar da mutum. Na faɗe shi a natse, kalma bayan kalma, ban yi kuskure ko ɗaya ba.

Mutumin ya dube ni daga rawani har takalmi. Ya ce in sake. Na sake, da ƙarfi. Sai ya saki gorar tuƙinsa, ya zauna a kan yashi, ya kama ciki. Ya kira 'yan'uwansa da hannu don murya ta ƙi fita. Suka taru, suka ce in sake. Abokina ya ga abin yana neman lalacewa, ya ce bari ya sauya magana, ya tambaye su inda baƙo zai zaga. Wannan kam har matan da ke wanki a ƙasa sai da suka bar wanki suka hauro.

Wani dattijo a cikinsu da ya yi fatauci a ƙasar Hausa ya share hawaye ya ce mini, "Malam, ka san abin da ka ce?"

"Na ce a ƙetarar da mu."

"Cewa ka yi, Baba, goya ni, ƙafata ta gaji. Shi kuma wannan cewa ya yi a kai shi tutu. Gaisuwar da ka yi ma, gaisuwar yaro ce in ya tashi daga barci ya ga uwarsa. Wa ya koya muku?"

Muka ce wata tsohuwa ce a garinmu, 'yar ƙasar nan.

Dariyar ta sauka daga fuskarsa. "Tana da shekara nawa ta bar gida?"

Muka dubi juna. Can abokina ya ce, a hankali, ya taɓa jin ta ce ranar da aka kawo ta Kebbe haƙoranta na gaba sun fita, sababbi ba su fito ba. Dattijon ya kaɗa kai, ya ce wa yaransa su ɗora kayanmu.

A cikin jirgin nan na gane abin da ya faru. Inna ta girma, ta yi aure, ta haihu, ta binne, ta yi furfura, duk da Hausa. Nufancinta kuwa yana nan inda ta bar shi ranar da aka ɗauke ta. Ba mantuwa ta yi ba. Abin da take da shi duka ta ba mu, iyakarsa ke nan.

Ayari bai raga mana ba. Daga ranar nan 'yan goye ake kiranmu. In na yi jinkirin ɗaure kaya sai madugu ya ce, "Alƙali, a kawo majanyi?" Na yi kwanaki ba na buɗe baki in ba da Hausa ba. Abokina kuwa ya mai da abin sana'a. A kasuwar Bida matan da ke sayar da abinci suka gano mu, sukan kira shi tun daga nesa su ce ya roƙi abinci yadda ya iya. Ya tsaya da gemunsa ya roƙa, su yi ta dariya, su cika masa akushi. A wurinsu muka fara jin maganar manya. Ganin haka na sauke fushi na sake kafa tsari: kowa ya fita da safe ya buɗe kunne, in an yi la'asar mu haɗu a masauki kowa ya zube abin da ya tsinto. Ni nakan kawo ƙidaya da maganar awo. Abokina yakan kawo zagi da zolaya. Taubashina shi ke kawo zance cikakke, don shi in ya zauna wurin masaƙa ba ya tashi sai sun tashi. Ban taɓa jin daɗin karatu kamar na zaman nan ba, har karatun allo.

Muka sayar da kanwa, muka ba da aikin riguna, aka ce sai mun jira masu ɗinki. A wannan jiran ne muka nemi izinin madugu mu je cika alkawari. Matan kasuwa sun riga sun gaya mana cewa yadda muke kiran kifi da jirgi, maganar mutanen bakin kogin Kwara ce, masu kwana da tashi a kan ruwa. Muka gangara can mu uku, muka kama bin gaɓa, ƙauye bayan ƙauye.

A ƙauyen farko, da rana ta yi sanyi, muna zaune a bakin ruwa sai muka ga jirage sun ɓullo. Yara suka rugo. Suka yi kiran Inna, shi ɗin dai, ba ragi ba ƙari. Abokina ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba, yana cewa mun same shi, mun same shi. Matasan da ke tuƙi suka amsa: mu ne, mun dawo. Yara suka faɗa ruwa.

Murnarmu ba ta daɗe ba. A ƙauye na gaba ma haka ake yi, da na gaba da shi. Duk gaɓar nan kiransu ɗaya ne. Inna ta gaya mana sunan da uwarta take kiranta da shi, muka riƙa faɗinsa ga tsofaffi. Babu wanda ya ce bai san sunan ba, matsalar ke nan. Kowane ƙauye akwai wadda aka ɗauke mai wannan suna, ko mai kama da shi, kuma wanda zai iya bambancewa ya daɗe da rasuwa. A wani wuri wata tsohuwa ta riƙe hannun rigar abokina ta ƙi saki, tana tambaya ko mun ga ɗanta a ƙasar Hausa, yana da tabo a gira. An nuna mana kufai ba ɗaya ba, ciyawa ta rufe.

Ranar da za mu juya, muna zaune kusa da wani tsoho yana gyaran taru, taubashina yana ba shi labarin abin da ya kawo mu. Ya maimaita masa kiran da amsar don ya tabbatar mun riƙe daidai. Tsohon ya ce in tsohuwarmu ta kai shekarun da muka ce, ba wannan amsar ta ji ba. Wannan rabi ce. A zamanin ƙuruciyarsa maza sukan ce: mu ne, mun dawo, kun cika? Yara su amsa: mun cika. Sai sun faɗi haka suke faɗawa ruwa.

Taubashina ya tambaye shi me ya sa aka bari.

Ya ce mahara sun gane lokacin da maza suke kan ruwa. An yi shekaru maza suna dawowa suna tambaya, bakin ruwa ya yi shiru. Sai suka daina tambaya.

A hanyar komawa Bida muka yi rigimar da ba mu taɓa yin irinta ba. Abokina ya ce in mun isa Kebbe za mu ce mata mun sami garin, mun sami jikokin wanta, suna gaishe ta. Amsar kuma mu ba ta rabin da ake yi yanzu.

"Mi za ya rage ka da shi, Alƙali? Tsohuwa ce, ƙafarta guda na cikin kabari. Ka tsaya gabanta ka ce mata kun cika? Ita da ta san ita ce ba a cika da ita ba?"

"Ba ni yin ƙarya ga wadda ta koya mani."

"To ka yi shiru, ni in yi. Ni ta goya, ba kai ba."

"In ta tambaye ni, zan faɗi abin da na gani."

"Wallahi kai dutse aka sa maka nan," ya bugi ƙirjinsa.

Muka yi tafiya mai nisa a haka. Taubashina ne ya raba mu, kuma da Nufanci ya yi, don da Hausa da mun isa Bida bai gama ba. Ya ce wa abokina in aka ƙirƙiro mata dangi, sunayensu za ta tambaya, da kamanninsu, da wanda ya haifi wane, kuma ita ba yarinya ba ce ko da yake da maganar yara take magana. Ni kuma ya ce mini in bari sai an tambaye ni kafin in fara jera abin da ba mu samu ba. Game da amsar, ya ce ba tamu ba ce balle mu rage ta. Abokina bai ce ya yarda ba. Bai kuma sake tayar da maganar ba.

Mun dawo an fara yayyafin farko. Tun daga Jega abokina ya daina zolaya. Da muka rabu da ayari muka nufi Kebbe, duk wanda muka gamu da shi a hanya sai ya gaishe shi da sauri ya wuce, don kada a yi masa ta'aziyya. Muka isa ƙofar gida da walaha. Mahaifiyarsa ta fito tana murna, ya kasa tambaya, ita ce ta ce, "Tana nan. Kullum sai ta sa an fito da ita ta dubi hanya."

Aka fito da ita aka jingina ta da bangon ɗaki. Ta rame ƙwarai, idanun ne kawai suke nan yadda muka bar su. Muka durƙusa za mu yi gaisuwa, ta ɗaga hannu ta hana. Ta ce mu koma can bakin zaure mu tsaya. Muka koma. Ta ja numfashi, ta yi kiran.

Mu uku muka amsa: mu ne, mun dawo. A nan muryar abokina ta tsaya. Ni da taubashina muka ƙarasa: kun cika?

 Matan gida ba su san abin da ake faɗa ba, amma sun daina abin da suke yi. Na ga leɓunan Inna suna motsi ba sauti. Ta dubi ƙasa ta daɗe. Abokina ya kama hannuna ya matse har na ji zafi, na san in abin ya ɓaci ba zai yafe mini ba. Can ta ɗago, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi abin da babu wanda ya gaya mata a cikinmu: mun cika.

Sannan ta koma Hausa. "Haka ne. Haka babana ka cewa. Ku sake. Kai Alƙali, buɗe murya, ba shari'a kaka yi ba. Kai kuma ɗan goyona, share hancinka ka amsa awa namiji."

Muka sake. Muka sake har tari ya hana ta.

Da ta huta ta kira ni kusa, ni kaɗai, ta ce ta san ni ba na kwana-kwana. Ta tambaya ko mun sami garin. Na ce ba mu same shi ba, na gaya mata inda muka bi da abin da aka ce mana. Ta saurara har na gama.

"Ban zaci za ku same shi ba," ta ce. "Ruwan dai na nan?"

"Yana nan, Inna."

"Yara na faɗawa?"

"Suna faɗawa."

"To."

Ba ta tambaye ni ko har yanzu maza suna yin tambayar ba. Ni kuma ban faɗa ba, tunda ba a tambaye ni ba.

Bayan kwana biyu muka so mu burge ta da Nufancin manya da muka kwaso a Bida. Ta saurara tana yamutsa fuska, rabi ba ta gane ba. Ta ce, "Wagga maganar kasuwa ce. Ku yi mani tamu." Muka koma tamu. Allah ya ƙara mata damina biyu, kuma duk lokacin da hanya ta kai ni Kebbe, daga bakin zaure nake tsayawa sai ta kira na amsa kafin in shiga. Ta rasu ina Tambuwal, an yi jana'iza kafin labari ya iso ni.

Taubashina ya sake bin ayari zuwa Nufe, ya yi aure a Bida, bai dawo ba. Ban ga laifinsa ba, can ne harshensa ya sami sakewa. An daɗe rabon da in ji labarinsa. Abokina ya rasu shekarun baya, har ya bar duniya in mun haɗu da maganar yara muke gaisawa, jikokinmu suna kallonmu suna tsammanin tsufa ne.

A da na ɗauki yare kamar igiya da mangala, kayan aiki ne da mutum zai tanada don kada a cuce shi a kasuwa. Ban ce wannan ƙarya ce ba, ya yi mini amfani a ciniki shekaru masu yawa. Amma tun da na daina fatauci, Nufancin kasuwa ne ya fara tafiya. Ƙidayar ta tafi, maganar awo ta tafi, abin da na jera da kaina na tsara duk ya zube. Abin da ya rage shi ne na Inna. In na taɓa ruwan alwala da sanyin safiya, kalmar da yaro yake faɗa in ruwa ya yi masa sanyi ita ke fitowa daga bakina kafin in ankara. In gwiwa ta dame ni, da ita nake kuka. Sai in waiga, babu wanda ya ji abin da na ce. Yanzu na san abin da take nufi da ta ce tana kira cikin ranta. A lokacin na ɗauka na gane, ashe ji kawai na yi.

Kwanan baya na nemi sunan wani ƙaramin kifi da ta koya mana, na yi yini ina nema ban same shi ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Don haka ga roƙona gare ku, ku da takardar nan za ta faɗa hannunku. In a cikinku akwai mai jin Nufanci, ko na kasuwa ne, ko ɗan kaɗan ne, in hanya ta biyo da shi Tambuwal, ya tambayi zauren tsohon nan mai fataucin kanwa da ake ce wa Alƙali. Ya zo kowane lokaci in ban da lokacin salla. Akwai tabarma, akwai fura. Zan yi masa magana, zai yi dariya, ba zan ji haushi ba. In ya gama dariyar, ya amsa mini.